Ɗaya a Yashi, Ɗaya a Kwando

A Tungar Dorina, wani ƙauyen masunta da ke bakin tafkin Kainji ta wajen Ngaski, idan baƙo ya tambayi gidan Tabawa ba a wahalar da hannu wajen nuna masa. Sai a ce ya ɗaga kai ya dubi inda hayaƙi ya fi kauri, ya bi shi. Murhun banda biyar gare ta jere a bayan gida, kuma a shekarun da aka yanko Jihar Kebbi daga Sakkwato babu macen da ta kai ta iya banda daga nan har Wara. Tarwaɗar da ta bi ta hannunta takan yi wata uku a kwando ba ƙwaro, ba ta kuma karyewa a hanya. Shi ya sa dillalai suke kawo mata kifinsu ɗanye ta ƙyafe musu, ta ɗauki ladanta, a duk goma ɗaya nata.

Gajera ce mai faɗin kafaɗa, idonta kullum ja saboda hayaƙi, bakinta kuwa ya fi idon ja. Mijinta Yakubu ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata biyu suna ɗakin aure, ɗaya a Shanga ɗaya a Yelwa, ba ta taɓa aika wa kowacce da neman ko ƙwayar shinkafa ba. A wani gungu, wato tsibiri, tsakiyar kogin Kwara aka haife ta. Tana shekara goma sha uku aka toshe ruwa a Kainji, ya taso ya haɗiye gungun da gonar albasar ubanta, aka kwaso su a jirgi aka ba su gidajen siminti a tudu, aka ce kyauta ne. Tun daga ranar ta ƙi jinin kalmar nan. "Duk wanda ya ce miki kyauta," takan gaya wa matan da ke taya ta fafe kifi, "ki juya ki duba mi ya riga ya ɗauka."

Akwai abin da matan nan ba su sani ba, ko 'ya'yanta ba su sani ba. Hayaƙin da ke ciyar da ita ya cinye mata ƙirji. Shekara shida ke nan numfashinta yakan kama, ya riƙa fita da ƙyar yana kuka kamar ana matse ɗan tsako. Idan ta ji abin na tasowa sai ta ce za ta kewaya, ta shiga ɗaki ta kara ƙyaure, ta dafa gwiwa har ya lafa. Tari kuwa ta koyi haɗiye shi kamar tuwo mai zafi. Ta san mutanenta. A Tungar Dorina babu wanda zai tsaya bambance asma da tarin fuka, ciwon ƙirji dai ciwon ƙirji ne, kuma babu dillalin da zai bar mai ciwon ƙirji ta riƙa numfashi a kan kifin da zai kai kasuwa. Ranar da aka ji, ranar murhunta za su huce.

Mutum ɗaya ne ya sani, Malam Bello, malamin ɗakin shan magani, wanda kowa ke kira Likita. Mutumin Yelwa ne mai furfura a gemu, ya shekara tara a ƙauyen yana tsaron kabad ɗin ƙarfe wanda a da babu komai cikinsa sai auduga da ƙadangaru. A lokacin maganin gwamnati kyauta ne, ma'ana babu shi. Malam Bello ya duba mutum, ya rubuta masa takarda, mutum ya tsallaka hanya zuwa shagon Alhaji Maikuɗi ya saya da tsada. Tabawa ba ta taɓa kai takardarta shagon ba, domin Alhaji Maikuɗi ba magani kaɗai yake sayarwa ba, shi ne babban dillalin kifi na garin, murhunta biyu cikin biyar kifinsa suke ci. Sai dai ta jira ranar kasuwar Yelwa ta sayo a ɓoye, idan ya ƙare mata tsakanin kasuwa da kasuwa ta kwanta ta yi ta kiran sunan Allah.

Shekara guda da samun sabuwar jiha aka zo da sabon tsari. Aka sauke kwalaye uku na magani a ɗakin Malam Bello, aka tara gari aka yi bayani. Wannan iri ne, in ji ma'aikatan, sau ɗaya za a ba ku. Mai ciwo ya biya kaɗan, a tara kuɗin a sayo wani, haka zai yi ta juyawa. Aka rubuta farashi da fenti a allo aka kafe a bango. Wanda ba shi da halin biya, ya je gaban hakimi a rubuta sunansa cikin gajiyayyu, a ba shi kyauta. Maza suka yi ta gunaguni, wai gwamnati ta koma tireda. Tabawa kaɗai ta koma gida da murna. Cikin kwalayen ta hango gwangwanin ƙwayar asma, ga shi nan taku ɗari biyu daga murhunta, a hannun mutumin da ba ya magana.

Aka kafa kwamiti. Alhaji Maikuɗi ya zama shugaba, tunda shi ya san magani. Aka sa Sarkin Ruwa Basiru, dattijon da masunta ke jin maganarsa. Takarda ta ce dole a sa mace, sai Alhaji ya ba da sunan Tabawa, don ya san mai murhu biyar ba ta da lokacin zaman taro. Nan ya yi kuskure. Ba ta taɓa fashin zama ko sau ɗaya ba. Gari ya yi ta yaba mata, ana cewa dubi baiwar Allah, tausayin yara ya hana ta zama. Ita kuwa ba ta musa ba, ta bar su da zatonsu.

Wata takwas abin ya yi lafiya, sannan iri ya fara ƙanƙancewa. Naira na ta zubewa a shekarun nan, gwangwanin maganin zazzaɓi da aka sayo bara ya ninka a Yelwa, allon bango kuwa yana nan yadda aka rubuta shi. Duk zuwa sayayya sai a dawo da ƙasa da abin da aka sayar. Ga kuma damina. Lokacin da ruwa ya cika ya bazu cikin ciyawa kifi ya watse, hadari ya hana fita, a lokacin ne sauro ke cin kasuwarsa. Zazzaɓi yakan zo ne daidai ranar da aljihu ya bushe. Gaban hakimi kuwa, ko mutum ɗaya bai je ba. Masunci ya gwammace ya jiƙa sabara ya sha ya ja bargo da a kira sunansa cikin gajiyayyu, surukansa su ji.

A zaman kwamiti na watan tara Tabawa ta ce a goge allon a ƙara farashi kaɗan.

"Wa za shi goge?" in ji Alhaji Maikuɗi, yana jan carbi. "Ke? Rubutun gwamnati ne, Tabawa, ba zanen lalle ba. Mu masu bin doka ne."

"Allo ba shi zuwa kasuwa, Alhaji. Mu ke zuwa."

"To idan kabad ɗin ya ƙare, Allah bai ƙare ba. Kahin a kawo shi mutuwa munka yi?"

"A'a," in ji ta. "Shagonka munka yi."

Sarkin Ruwa ya yi tari ya dubi rufin ɗaki. Malam Bello ya duƙar da kai yana gyara alƙalami. Kowa a ɗakin ya san Alhaji jiran gawar kabad ɗin yake, amma shi ke ba rabin gari koma da ƙugiya, ba a faɗa da mai jirgi ana tsakiyar ruwa. Da aka watse Malam Bello ya tsayar da ita a bakin ƙofa ya yi ƙasa da murya. Ya ce idan aka ci gaba haka, zuwa uku ya rage kabad ya koma gidan ƙadangaru, kuma an gaya musu duk ɗakin da ya cinye irinsa ba za a sake ba shi ba. Ta tambaye shi ƙwaya nawa ta rage a gwangwaninta. Ya ce ta wata biyu.

Akwai wata al'ada a Tungar Dorina tun zamanin gungu, ana ce mata rabon gaɓa. Duk jirgin da ya dawo daga kamun kifi, kafin a sauke komai, mai jirgi zai ɗauki kifi ɗaya ya jefa a yashi ta bayansa, ba ya waiwaye. Tsofaffi da gwauraye da duk wanda rana ta ɓace masa za su bi gaɓa kamar masu shan iska, su tsinta. Mai jifa bai san wa ya ɗauka ba, mai ɗauka ba ya godiya, don abin da ke yashe a ƙasa na ruwa ne, ba na kowa ba. Tabawa ta kwana biyu tana juya wannan a ranta. Kifi dai ba ya jin labarin naira, idan magani ya hau a Yelwa, banda ma hawa take.

Ta je wa Sarkin Ruwa da maganar. Ya ce tunani ne mai kyau, zai tuntuɓi manya. Ta san abin da hakan ke nufi. Washegari da hantsi, lokacin dawowar jirage, ta ɗauki babban kwandonta ta dasa a bakin ruwa, ta tsaya kusa da shi ta riƙe ƙugu.

"Na magani ne," ta riƙa gaya wa kowane jirgi. "Ɗaya rak. Ran da ɗanka ya yi zahi ba ka da ko kwabo, Likita za shi ba ka, ba mai rubuta sunanka."

Wasu suka yi dariya, wasu suka jefa don kunyarta, wasu don tsoron bakinta. Cikin mako guda kwando ya fara cika. Ta ware murhu ɗaya ta riƙa ƙyafe kifin kwando, ba ta ɗaukar lada. Ta ji daɗin kanta ƙwarai, har ba ta lura da abin da ya ɓace daga gaɓar ba.

Gwaggo Tamada ce ta zo ta nuna mata. Tsohuwa ce da ta binne miji da 'ya'ya huɗu, ta rankwafa har sandarta ta fi ta tsawo, kuma ita ta yanke wa Tabawa cibiya a gungu. Ta iske ta gaban murhu da azahar, ta ƙi tabarmar da aka shimfiɗa mata.

"Ke ɗiyar nan, kwana tara rabona da miyar kihi."

"Subhanallahi, Gwaggo, ba ki da lahiya?"

"Lahiyata lau, yunwa nika ji. Kin aza kwando, ƙattin banza sun samu sauƙi. Kihin da suka jehwa a yashi shi suka jehwa miki, sun jehi tsuntsu biyu. Kin kwashe muna miya kin sayi ƙwaya."

Tabawa ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta ce, "To ai sai ki ɗiba a kwandon, Gwaggo, wa za shi hana ki?"

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa. "Ashe hayaƙi ya kai miki har ƙwaƙwalwa. Abin da ke yashi tsintuwa ne. Abin da ke cikin kwando kuwa, in na sa hannu ko ɓarauniya ce ni ko mabaraciya. Wacce kika zaɓa mini?"

 Tabawa da take zagin ma'aikata don ba su san mutane ba, ga shi ta yi irin aikinsu a gaɓar da aka haife ta. Ta ɗebo tarwaɗa uku daga nata rabon za ta ba tsohuwar, Gwaggo Tamada ta ce ta riƙe abinta, ba roƙo ta zo ba, ta juya ta tafi.

Washegari kwando bai zauna a bakin ruwa ba. Tabawa ta ja shi can sama, kan gangaren da kowane masunci sai ya hau kafin ya shiga gari, taku hamsin daga ruwa. Ta tsaya a saman gangaren inda take ganin gaɓa duka. Duk wanda ya taho da kifi zai jefa a kwando sai ta tare shi.

"Ban ga hannunka ya yi baya ba can ƙasa."

"Haba Tabawa, biyu kuma? Haraji ne?"

"Ɗaya a yashi, ɗaya a kwando. In ba ka iyawa riƙe naka, kwandona ba shi cin miyar tsohi. Kai dai Allah shi sa uwarka ba ta cikin masu shan iska."

Kwando ya ragu da kusan rabi, ya kuma ɗauki wata biyu kafin ya farfaɗo. Amma yashi ya dawo da kifinsa, kuma wata safiya ta hango Gwaggo Tamada tana bin gaɓa da sandarta, tana kallon sama kamar mai duba hadari.

Haka aka yi shekara guda da rabi. Duk sati biyu Tabawa ta shiga jirgin inji da kwandon banda zuwa Yelwa, ta sayar, ta haɗa da ɗan abin da masu biya suka biya, ta sayo abin da Malam Bello ya rubuta mata. Mai kuɗi ya biya farashin allo, marar kuɗi Likita ya ce masa kwando ya biya, a wuce wurin. Nata maganin kuwa da kuɗinta take saye, ba ta taɓa cin na kwando ba. Sai dai ƙarin aikin ya ƙara mata hayaƙi, ƙwayar da take sha ɗaya ta koma biyu.

Sau ɗaya ta yi abin da ya tsaya mata a wuya. Wata kasuwa banda ta faɗi, kuɗin bai kai ba. Ta tsaya gaban teburin mai sayarwa a babban shagon magani na Yelwa, abu biyu suka rage a takarda: kwalaben maganin zazzaɓi na ruwa na jarirai, da gwangwanin asma. Na ɗaya kawai kuɗin zai saya. Ta daɗe a tsaye har mai shagon ya tambaye ta ko lafiya. Ta gaya wa ranta ai ana iya daka ƙwayar manya a jiƙa wa yaro, ai idan ta faɗi kwando ma ya faɗi. Duka gaskiya ne, kuma ta san ba don su ta miƙa hannu ba. Ta ɗauki gwangwanin. Malam Bello ya buɗe kayan ya duba, ya dube ta, ya jera su a kabad. Sati biyun nan iyaye mata suka yi ta tsallaka hanya zuwa shagon Alhaji Maikuɗi, shi kuwa ya tambayi kowacce abin da ya kawo ta, ya adana a ransa.

Bayan sallar layya wani jami'i mai duba ɗakunan magani ya iso a babur, Malam Lukman, saurayi mai gilashi da jakar takardu. An kai ƙara a rubuce. Aka taru da la'asar a ƙarƙashin ƙiryar da ke gaban ɗakin magani, maza a gaba, mata a gefe, kusan duk gari. Malam Lukman ya karanta laifuffukan: ana ba da magani ba rasit, ana karɓar kifi wanda babu shi a tsari, ba a bi ta gaban hakimi ba. Ya ce idan ta tabbata an karkatar da magani, zai kulle kabad ya tafi da makulli, Malam Bello kuma ya bi shi hedkwata ya yi bayani.

Alhaji Maikuɗi ya miƙe a hankali, kamar wanda abin ya dame shi. Ya ce shi kifi bai dame shi ba, taimako ne. Tambaya ɗaya gare shi. "Ni dai na san magani. Kabad ɗin nan bai taɓa rabuwa da gwangwanin asma ba, duk wata biyu sabo. Har akwai makon da jarirai sunka rasa nasu, shi ko yana nan. To jama'a, wa ke asma garin nan? Ku nuna min shi. In babu, ina ƙwayar ke zuwa? Yelwa ba nisa, kuma akwai mai zuwa duk sati biyu."

 Malam Lukman ya buɗe littafin masu zuwa, ya bi da yatsa. "Mace, shekara arba'in. Mace, shekara arba'in. Ba suna. Malam Bello, wace ce?"

"Marar lafiya ce, ranka ya daɗe."

"Sunanta nake tambaya."

"Ba a koya mini faɗin ciwon mutum a gindin bishiya ba."

"To ka san abin da wannan ke nufi a wurinka?"

"Na sani," in ji Malam Bello. 

Tabawa tana zaune cikin mata tana jin ƙirjinta na fara matsewa. Lissafin a fili yake. Idan ta yi shiru murhunta biyar suna nan, kabad ya tafi, ta koma jiran kasuwar Yelwa da kiran sunan Allah a bayan ƙyaure. Idan ta yi magana kabad zai iya tsayawa, murhu su huce. Ko a wannan lokacin, da ta duba zuciyarta, ba gemun Malam Bello ta fara gani ba, gwangwanin ta gani. Abin ya ba ta haushi, haushin ne ya tashe ta tsaye.

"Ni ce."

Ta ratsa maza ta tsaya gaban jami'in. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙullin takarda, ta buɗe ƙwayoyin a tafin hannu ta ɗaga kowa ya gani.

"Ni ce macen. Fiye da shekara takwas ina asma, kuna cin bandata, wa ya mutu? Ga Likita nan, ku tambaye shi ko ana ɗauka. Kowace ƙwaya da kuɗina na saye ta. Makon da Alhaji ke magana kuwa gaskiya ya faɗa, kuɗi bai kai ba, na zaɓi numfashina na bar na jarirai. Na yi. Ban ji daɗi ba, amma na yi." Ta juya ga matan. "Kun yi ta cewa tausayin ɗiyanku ya sa ni aza kwando. Ku daina. Don kaina na aza. Ina son in buɗe ido in san maganina na nan kusa, kuma ba shi zama nan sai naku na nan tare da shi. In akwai wanda ya taɓa jehwa kihi don Allah kaɗai, bai tuna zazzaɓin gidansa ba, shi tashi in gan shi."

Ba wanda ya tashi. Sai muryar Gwaggo Tamada daga baya: "Alhaji ma ai don Allah shika rubuta ƙara." Dariya ta ɓarke a gefen mata, ta tsallaka wajen maza, Sarkin Ruwa ya rufe baki da hannun riga.

Tabawa ba ta yi dariya ba. Ta ce wa jami'in, "Yaro, kahin ka kulle, buɗe ka gani."

Ya buɗe. Ya daɗe yana kallon gwangwanaye da kwalabe jere har bene uku. Abin da bai gaya wa taron ba shi ne ɗakunan magani tara ke ƙarƙashinsa, takwas sun cinye irinsu suna bin allo sau da ƙafa, kuma wata mai kamawa baƙin da suka ba da irin za su zo ganin abin da ya tsira. Yana bukatar kabad mai rai fiye da yadda yake bukatar mai laifi. Ya cire gilashi ya goge, ya ce a gaskiya tsari bai hana gudummawar jama'a ba, kifi kuwa gudummawa ce. Sai dai daga yau a riƙa yanka rasit ko da ba suna, kuma idan kuɗi bai kai ba na jarirai ne farko.

"Wannan na yarda," in ji Tabawa. "Allon fa?"

"Allo sai takarda ta zo daga sama."

"To shi zauna nan shi yi ta jira. Mu muna da kasuwa jibi."

Kabad ya tsaya. Murhu kuwa suka huce, kamar yadda ta sani. Washegari Alhaji Maikuɗi ya aiko aka kwashe kifinsa ɗanye daga gidanta, dillalai biyu suka bi bayansa, ɗaya ma har da ba ta haƙuri, wai matan Yelwa ne ba su da fahimta. Maganar Likita cewa asma ba ta yaɗuwa ta shiga kunnen wasu, ta fita ta na wasu. Cikin biyar biyu suka rage da wuta, ɗaya na wani dillali ɗan Shanga da ya ce shi banda yake saye ba ƙirji ba, ɗaya na kwando. A shekarar ta sayar da awakinta uku, ta kuma karɓi buhun shinkafar da 'yarta ta aiko, bayan ta mayar da shi sau ɗaya. Da aka sake zaɓen kwamiti ba a ƙara kiranta baiwar Allah ba, amma ita aka bar wa riƙon kwando da tafiyar Yelwa.

Baƙon da ya zo Tungar Dorina bayan nan ba ya samun gidanta da hayaƙi, don na wasu ya fi nata kauri. Sai a ce ya je saman gangare da hantsi ya saurara. Tana nan zaune kan turmi kusa da kwando, ta ɓare ƙwayarta a gaban kowa ta kora da ruwan buta, ta yi tarinta da ƙarfi har ya gama fita, sannan ta share baki ta ɗaga murya ga jirgin da ya iso.

"Kai mai jar hula! Ban ga hannunka ya yi baya ba."